Kusurwar da Ba Tasa Ba

Ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar nan taki, ta daina kumburi? Mu nan muna lafiya, sai godiyar Allah.

Fim ɗin nan da na ba ki labari ya fito. Ran Asabar da rana muka je sinima ni da Baban yara, aka zaunar da mu a layin gaba kamar wasu manya. Labarin tsofaffin 'yan damben zamani biyu ne da suka ƙi yarda sun tsufa, suka sake sa safar dambe da tumbinsu da furfurarsu. Baban yara ne ya fito a matsayin ɗaya daga cikinsu. Kin san mijina, shekara talatin rabon da wani ya kira shi da sunansa na dambe, Guduma. Ranar nan kuwa tun daga bakin ƙofa ake ta kiran sunan, har ya riƙa tafiya yana buɗa kafaɗu.

An sha dariya har da riƙe ciki. Wata mata a bayana ta dinga dukan kujerata, wani kuma ya ƙware da lemo sai da aka bubbuga masa baya. Inda aka fi shewa shi ne wurin da aka kaɗa ƙararrawar hutu. Maimakon Baban yara ya koma kusurwarsa, sai ya nufi ta abokin karawarsa ya zauna masa a cinya, sannan ya miƙe ya tsaya a tsakiyar fili yana waige-waige, kwalbar ruwa tana rawa a hannunsa.

Auta, wannan wurin ba ya cikin abin da aka rubuta musu. A gabana aka ɗauka. Darakta ya zaci shi ya ƙirƙira, har ya rungume shi. Ni kuwa na san waigen nan, ni yake nema. Haka ya yi kwanakin baya a falo da ya rasa wace ƙofa ce ta banɗaki.

Ban taɓa gaya wa kowa ba sai ke. Ki bar shi a cikinki.

Taki har kullum,
Yayarki

Ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana ƙalau. Wasiƙarki ta iso, kuma na ji faɗan da kika yi mini. Kin ce in kai shi asibiti. Yo ai na kai, tun kafin ki faɗa.

Likita ya ce dukan da ya sha a kai a shekarun baya ne ya taso yanzu. Ya rubuta a takarda cewa ko da wasa kada a sake taɓa masa kai. Takardar tana cikin jakata, na ninke ta huɗu, duk inda na je da ita nake zuwa.

Ga kuma darakta ya zo da sabon shiri. Wai kafin a haska fim ran Asabar mai zuwa, tsofaffin nan biyu na fim za su hau dandamali su ɗan taɓa dambe zagaye ɗaya, don mutane suna son ganin su ido da ido. Ya ce taɓawa ce kawai. Ni na zauna da ɗan dambe shekara arba'in, na san babu wanda ke taɓawa kawai in ya ji ana ihun sunansa.

Yanzu ba ma iya wuce layinmu cikin natsuwa. Mai aski zai bar kan mutum rabi ya fito, mai shago zai miƙo masa kwalba, duk su ce ya yi musu ta cikin fim. Shi kuma sai ya karɓa ya ɗaga hannu. Ba sai ya yi komai ba, hannun ne ke rawa da kansa. Su bushe da dariya su ce wallahi ya ƙware, ni ma in yi yaƙe don kar a gane.

Na yi masa maganar takardar. Ya riƙe hannuna ya ce in na nuna wa darakta, to na binne shi da ransa. Ya ce shekara talatin yana zaune a ƙofar gida ba mai ce masa sannu, yanzu da aka tuna da shi zan mayar da shi. Sai da ya sa na rantse ba zan nuna ba. In na yi shiru su fasa masa kai, in na yi magana in karya masa zuciya. Na rasa inda zan sa kaina, Auta.

Ki sa mu a addu'a.

Yayarki

Auta,

Ina gaishe ki, ki gaishe mini da yara. Ba zan tsawaita ba.

Ba a yi damben ba. Mun isa da wuri, ya ce mu shiga haskawar farko kafin lokacin hawansu ya yi. Muka zauna can baya. Da aka zo wurin kusurwar, sinima ta kaure da dariya kamar kullum, shi ma ya yi tasa kaɗan. Can sai ya matso kusa da kunnena ya tambaye ni wane ne wannan dattijon na cikin fim, alhali kuwa shi ne. Na zaci zolaya ce, na dube shi. Ba zolaya ba ce. Ya ce abin tausayi, mutum ya ɓata a gaban jama'a, duk yawansu an rasa wanda zai kama hannunsa ya nuna masa wurin zamansa.

Na kama hannunsa muka fito, ana ta dariya a bayanmu. A bakin ƙofa na miƙa wa darakta takardar. Ya karanta ya zauna a kan matakala.

Baban yara bai yi fushi ba, don bai tuna ya sa ni rantsuwa ba. Wallahi da ya tuna ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kullum da safe yanzu sai ya sa takalmi ya ce mu koma mu duba dattijon nan, ko an samu wanda ya mayar da shi gida.

In ƙafar ta yi sauƙi ki zo, ko na kwana biyu ne. Ba na iyawa ni kaɗai.

Yayarki