Marainiyar da aka ce a turo uwarta

Zuwa ga jami'in da ke kula da ƙananan asibitocin yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, sunana Mamman, ɗan kabu-kabu, mazaunin Araba. Ina ɗaukar fasinja tsakanin Illela da bakin iyaka. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, maganar wata yarinya ce mai suna Hajara ta sa na yi.

Hajara ɗiyar ƙanena ce. Amai da gudawa ya tafi da shi da matarsa a daminar bara, aka bar mani ita ba a ko yaye ta ba. Yanzu ta kusa shekara biyu amma ba ta tafiya, gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura. Masu rigakafi da suka shigo gida suka ɗaura mata igiyar awo a damtse, suka ce tamowa ce, in kai ta asibiti ranar Laraba a ba ta abincin nan na leda mai gyaɗa. Ga abin da ya biyo baya.

1. Na ari zanen mai ɗakina na goya ta, don ba ta da ƙarfin zama a babur. 'Yan tasha suka yi ta tsokanata, wai Mamman ya koma inna. Ban kula su ba. A ƙofar asibiti mai gadi ya tare ni, ya ce ranar awo ta mata ce, namiji ba ya shiga rumfa, in koma in turo uwarta. Na ce ta rasu. Ya yi mani ta'aziyya cikin mutunci, ya ce to in turo matata.

2. Matata tana jego. Ka san al'adarmu, mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, balle ita da ta sha wuyar haihuwa, ko wankan sai an kama ta. Tsohuwarmu kuwa ido ya tafi.

3. Laraba ta gaba maƙwabciyarmu, Allah ya saka mata, ta ɗauki Hajara ta shiga da ita. Da ma tana karɓar wa ɗanta abincin. Malamar asibiti ta gane ta, ta ce so take ta karɓi rabo biyu ta kai kasuwa, ta kore ta gaban jama'a. Matar ta fito da kuka, ta rantse ba ta ƙara ɗaukar ɗan wani. Ni ina waje kan babur ina kallo, ba halin in shiga in yi shaida.

4. Ko maganin zazzaɓi babu a asibitin, sai a nuna maka kemis. Wasu sun ce in tsallaka da ita Konni, cikin Nijar. Wanda ya ga yadda nairarmu ke narkewa gaban sefa ya san wannan shawarar mai hali ce.

Ranka ya daɗe, ban ga laifin mai gadi ba, umarni aka ba shi. Ban kuma ce a cakuɗa maza da mata ba, ni ma ba zan so haka ga iyalina ba. Amma wanda ya tsara dokar ya ɗauka kowane yaro yana da uwa. A layinmu kaɗai akwai gidajen da kawu ko kaka ne ke riƙon yara. Abin yana ci mani rai, gaskiya.

Roƙona kaɗan ne. A ajiye benci ɗaya a waje don mazan da suka kawo marayu, ma'aikaciya ta leƙo ta auna yaron a nan. In ana shakkar mutum, a tambayi mai unguwarsa ko liman kafin a tozarta shi.

Matata tana da sauran sati uku ta yi arba'in. Yadda na ga jikin Hajara, ba na zaton za ta iya jira. Larabar nan zan sake zuwa da ita a goye. Uwarta tana maƙabartar Araba, ba ni da wadda zan turo. In zane ne sharaɗin shiga, ai za ku gan ni da shi a ɗaure.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuriya a gaban idonka, kada ya sa wani ya tsaya da ɗanka a bakin ƙofa.

Wassalam.

Mamman, ɗan kabu-kabu, Araba.