Gishirin Velebit a Kan Rufi

Osijek, watan Maris

Dinko,

Kada ka kuskura ka karanta takardar nan a tsaye ka cusa ta aljihu yadda ka saba. Nemi wuri ka zauna. Bayan haka ina gaishe ka, da fatan kuna lafiya, kai da tumaki da matarka.

Ƙanwarka Nevenka ta sauka lafiya, amma zan ɗan daɗe a nan. Garin su matarka ne dai: ƙasa a shimfiɗe kamar tabarma, kogi har bakin ƙofa, mutane suna wanke mota da ruwan sha ko kunya babu. Wanda ya tashi a haka ina zai san cewa a tsibirinmu na Pag ruwa yana sauka dutse yake haɗiye shi?

To, saurara. In ka ga farin gajimare ya kwanta a kan dutsen Velebit, iska tana tafe, kuma za ta kwaso gishirin teku ta shafe mana rufi. Kafin ruwan farko ya sauko, ka hau ka cire bututun da ke kai ruwa daga indararo zuwa rijiya. Ruwan farko na wankin rufi ne. In ya shiga rijiya, mu da tumaki ba mu da abin sha har ƙarshen bazara. Kada ka bar wa matarka Zdenka wannan aiki. Yarinyar kirki ce, amma 'yar fadama ce.

Allah ya tsare ku.
Mahaifiyarka, Tonka

Pag, watan Afrilu

Mama,

Gaisuwa mai yawa, a shafa mini kan jariri. Ke ma ki zauna kafin ki karanta.

Na ga gajimaren. Na ce bari in yi sauri in je birnin Zadar in sayo ƙarfen injin kwalekwale in dawo. Kafin in juyo iska ta taso, aka rufe gadar shiga tsibirinmu, na kwana a can. Da aka buɗe, hadari ya riga ni gida. Na shigo tsakar gida a guje cikin ruwa, sai na ga bututu a jingine da bango, ruwan rufi yana kwarara cikin lungu.

Zdenka ce. Da iska ta kwanta, ta ga taga ta yi fari, ta shafa yatsa ta lasa, ta ji gishiri, ta ɗauko tsani. Maƙwabcinmu Kawu Frane ya leƙo ta kan katanga yana cewa, "Sauko, 'yar fadama, kafin ki faɗo mini a kan kabeji!" Ta ce, "Kawu, kabejinka ya riga ya ji gishiri. Je ka duba rijiyarka." Ya ce shi da aka haifa a kan dutsen nan ya san ruwa ba yau ba. Ruwa kuwa ya zo yau ɗin, ya wanke gishirin rufinsa cikin rijiyarsa. Yanzu kullum da safe yana ƙofarmu da bokiti, yana ce mata "ɗiyata".

Da rufi ya wanku muka mayar da bututu, rijiyarmu ta cika, ruwan garau. Zdenka tana gaishe ki. Ta karanta takardarki, har layin ƙarshe.

Ɗanki, Dinko

Osijek, watan Afrilu

Dinko,

Na gaishe ka, ko da yake ba ka cancanta ba. Ka gaishe mini da ɗiyata Zdenka da kyau. Na karanta wa dangin mijin Nevenka takardarka a kan tebur, har na maimaita, su san irin matan da gidana yake yi.

A ba Frane ruwa, amma ya roƙa da bakinsa.

Ga dokar gida daga yau. In gajimare ya kwanta a kan Velebit, babu mai tsallaka gada. Makullin rijiya yana hannun Zdenka. Duk wanda ya sake ce mata 'yar fadama, ko ni ce, ya je ya sha na Frane.

Allah ya tsare ku.
Tonka