Tantabarun Inna Sun Koma Mandera

Bodinga,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga Yaya Maniru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, da fatan ruwan Fatakwal bai tayar maka da ciwon ƙafar nan ba. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau. An gama yankan gero, an shiga dashen albasa. Na zaɓi in rubuto ne don na san halinka a waya, kafin in kai ƙarshen magana ka riga ka fara faɗa, wannan kuwa zance ne da yake son a saurare shi har ƙarshe.

Maganar Baba ce da tantabarun Inna. Ka san yadda ƙauyenmu yake, jirgi in zai sauka ta saman rufinmu yake wucewa. To, kafin kaka wasu ma'aikata suka zo wurin maigari, aka tara mutane aka bayyana musu abin da aka yarda a yi da ƙasar da ke kusa da filin jirgi da abin da ba a yarda ba. Ba gini mai tsawo, ba tara juji, ba barin kududdufi, ba kuma kiwon tsuntsaye masu tashi. Saboda haka benen da kake ta mafarkin ɗorawa a filin Baba, sai ka sauko da shi ƙasa. Na zaci Baba zai tayar da hankali, amma mutumin da ya yi bayanin mai ladabi ne, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce masa tsuntsu ɗaya in ya faɗa injin jirgi zai iya jawo asarar rayuka. Baba ya ce daga filin nan Inna ta tashi zuwa Makka ta dawo lafiya, shi ba zai ɗauki alhakin matar wani ba.

Amma ka san abin da tantabarun nan suke a wurinsa. Tun rasuwar Inna, da ya dawo daga masallaci da safe, tsakar gida yake zama ya watsa musu tsaba yana yi musu hira kamar suna amsawa. Yanka su kam ko a baki bai yarda a ambata ba. Sai Kawu Tukur ya ce a kai masa su Mandera, yana da fili, kuma babu jirgin da ke bi ta can ƙasa-ƙasa. Muka sa su a kwanduna, ni da maigidana Ashiru muka kai su. Kawu ya ce yadda ake yi shi ne a fige musu gashin fiffike, a kulle su har su yi ƙwai su ƙyanƙyashe, sannan su san sun yi gida. Baba ya aiko cewa Inna ba ta taɓa fige gashin tantabara ba, ba kuma a bayanta za a fara ba. Kawu ya bi maganar surukinsa. Da ya ga sun fara sakewa suna cin tsaba, ya buɗe musu. Kafin ya gama laluben lambar Ashiru a waya, suna kan katangar Baba suna gyaran gashi.

Yaya, na je na tarar da Baba yana dariya, hawaye na zuba. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba. Maigari ya aiko cikin girmamawa cewa wa'adin da aka ba shi ya kusa, kada a sa shi jin kunya. Muka sake kai su, suka sake dawowa. Ashiru ya ce babu abin da ya rage sai wuƙa, ni kuwa na kasa kallon Baba. Can ya ɗago ya ce, “Ba ɗaki su ka biɗa ba, ni su ka biɗa. In na zamna can, su ma su zamna.”

Mutumin da ko asibiti ba ya yarda ya kwana, shi ne ya naɗe tabarmarsa ya ɗauki butarsa da rediyo. Kafin mu tafi ya sa Ashiru ya sauko da tukwanen nan da Inna ta jera da hannunta a jikin bango, inda tantabarun suke kwana. Ya ce muddin suna nan, za su riƙa ja musu rai su dawo. Da kansa ya farfasa su da taɓarya, bai bar kowa ya taya shi ba. Guda ɗaya ya bari, ya rungume ta a cinya har muka isa Mandera. Makullin gidan yana hannuna.

Roƙona gare ka, kada ka kira shi ka ce ya tsufa ya bar gidansa saboda tsuntsaye. Kawu ya ba shi ɗakin da ke kusa da rumbu, matar Kawu, Gwaggo Asabe, na kula da abincinsa, har ya ɗan yi ƙiba. Jiya na je, na tarar farar tantabarar nan ta yi ƙwai a cikin tukunyar da ya tafi da ita. Na ce masa to, tunda sun zauna, yaushe zan share masa gida ya dawo? Ya ce in ya dawo za su biyo shi, in bar makullin wurina.

Ka gaishe mini da Khadijatu, da su Abdulrazak da Nana Fatima, ka ce su dage da karatu. Ashiru da Gwaggo Asabe suna gaishe ka. Baba ya ce in gaya maka, in ka zo da Sallah jirginka zai bi ta saman gidanmu, ka leƙo ka gan shi, amma kada ka sauka can, babu kowa. Ka wuce Mandera kai tsaye.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Rashida Na'Allah