Ranar da Ƙwanni ta riga mu ganin wata

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina fata makwancinki ya yi miki faɗi da haske. Tambaya ce ta kawo ni. Kin dai san halina, ke kika ce bakina ba ya gajiya da "don mi?"

Bana ma Ƙwanni ta riga mu ganin wata. Suna Sallah, mu nan Illela muna ɗauke da azumi na talatin, alhali iyakar ƙasa ce kawai tsakaninmu. Da hantsi sai ga ƙanwarki, Inna Ƙarama, ta tsallako da kwanon tuwon shinkafa, wai a ajiye mana na buɗa-baki. Yaya Sani ya tare ta a zaure, ya ce ta sha azumi da gangan, mai addini ba ya bin watan da ba a tabbatar ba. Ta ɗauki kwanonta ta juya, ko zama ba ta yi ba. Ni kuwa, malamar Islamiyya guda, ban ko bi ta na ba ta haƙuri ba.

Shekara nawa ina koya wa yara ma'anar addini, Inna? Musulunci, imani, ihsani, na iya su kamar sunana. Amma ranar nan na rasa wanne aka tsare, wanne aka zubar a zauren. Yaya ba mugu ba ne, tsoron Allah ne ya sa shi. Ita ma ba don wasa ta je Idi ba. To addinin yana wajen wa?

Sai na tuna ke. Irin wannan rana kikan ɗaura zanen Sallah da bakinki a bushe, ki je Ƙwanni ki yi musu barka, ki dawo ki ci gaba da azuminki. Da na tambaye ki su wa suka yi daidai, cewa kika yi, "Wata guda na, ɗiyata, kowa daga inda yake tsaye yake dubawa." Na ɗauka gudun gardama kawai kike yi.

Washegari, ranar Sallarmu, na hau kabu-kabu na tafi Ƙwanni wajen Inna Ƙarama. Ita kaɗai ta rage mana a ɗakinku, in ta daina zuwa shi ke nan. Na tarar da ita gindin murhu, ta miƙo mini ludayi ta ce, "Ɗanɗana min gishirin ga, azumi nikai. Ramuwa ta, ko da Sani ad da gaskiya."

Na buɗe baki zan ce mata a lissafin Yaya yau Idi ne, azumi bai halatta ba, sai na haɗiye. Dariya ta zo mini tare da hawaye. Da zan taho ta ɗaure mini kwano biyu, ta ce babban na Sani ne.

Na ajiye masa, na faɗa masa abin da na gani. Da la'asar na ji ya ta da babur, bai faɗa wa kowa inda za shi ba, amma na hango shi ya nufi hanyar Ƙwanni da kwanon, sai da almuru ya dawo da kwanon a wanke.

Har yau ban san yadda zan rubuta wannan a allo ba, Inna, kuma ina kewarki ƙwarai. Allah Ya jiƙan ki, Ya karɓi azuminki da na ƙanwarki, har da wancan na ranar Idi.

Ɗiyarki mai yawan tambaya,
Hadiza