Corwin Yana Lasar Yatsu

Litinin, 2 ga Oktoba

Koci Brubaker ya kira ni ofis. Ya ce daga yau Corwin Tate ne majefin ƙungiya, ni na koma na biyu. Wasa huɗu mun ci ɗaya, dole a canja wani abu, kuma ni ne abin. Ya yi ta juya kofin da ke hannunsa yana cewa ba laifina ba ne ni kaɗai. Na ce to. Ya ce, "Royce, ba ka da abin faɗi?" Na ce babu.

Shekara biyu ni ke jefa ƙwallo a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta kwalejin nan. Bana ce shekarata ta ƙarshe, saura wasa shida, daga nan ba wanda zai ƙara ba ni hular kwano in sa. Corwin kuwa bana ya shigo, ko gemu bai fara ba.

Na ci abincin rana, na cinye tas. Na zaci zan kasa.

Talata, 3 ga Oktoba

An ba ni sabon aiki. In kalli bidiyon majefin ƙungiyar da za mu kara da ita ranar Asabar, in koyi tsayuwarsa da takunsa da duk wata ɗabi'arsa, sannan in sa riga mai lambarsa in zama shi a atisaye, masu tsaronmu su yi ta koyon kama ni. Wato na koma ɗan kwaikwayo.

Tavita, ƙaton da ke miƙo min ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa tun shigowarmu, ya dafa ni ya ce, "Mutumina, yau kai wane ne?" Na ce wani bahago mai lamba sha biyu. Ya yi dariya, ya wuce wurin Corwin. Can aikinsa yake yanzu.

Asabar, 7 ga Oktoba

Sun lallasa mu. Sau uku Corwin ya jefa ƙwallo a hannun abokan karawa. Na tsaya a gefen fili da hula a hammata kamar mai jiran mota.

Baba ya zo, kamar kullum, da tsohuwar motarsa da murhun gashin nama a baya. Rabin yini yake yi a hanya. Ya miƙo min burodi da nama ya ce, "Ci. Yaron nan ba zai kai ƙarshen wata ba, ka ce ni na faɗa." Murna yake yi, yana ɓoyewa. Na duba zuciyata ko akwai murnar, ban tarar da komai ba.

Laraba, 11 ga Oktoba

Da rana ina ɗakin bidiyo ni kaɗai. Na gama kallon majefin wannan makon, sai wasanmu na Asabar ya biyo baya, na yi ƙyuyar tashi in kashe. Aikin nan ya ɓata min ido, yanzu ba na ganin wasa, hannun mutum da ƙafarsa kawai nake gani.

Corwin yana lasar yatsu. Duk sanda zai jefa ƙwallo, kafin Tavita ya miƙo masa, sai ya lashi yatsunsa don ta kamu. In kuwa miƙa wa mai gudu zai yi, ba ya lasa. Na mayar baya na sake kallo. Haka ne, ba ya kuskurewa. Ga ɗan bayan abokan karawa can yana kallon bakinsa, da ya lasa sai ya ja da baya ya jira ƙwallo. Ashe shela yake yi musu kafin kowace jifa.

Su Koci kuwa ƙafafunsa suke ta gyara masa.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Ban faɗa wa kowa ba. Ba wanda ya tambaye ni.

Asabar, 14 ga Oktoba

An sake cin mu. Ya lasa, sun taso masa su uku, suka kwantar da shi. Ya tashi, ya lasa, suka ƙara. Ina tsaye ina faɗa a raina, jifa ce, gudu ne, jifa ce, ban yi kuskure ko sau ɗaya ba.

A ɗakin canja kaya Corwin ya zauna da tawul a ka. Da zan wuce ya ce, "Tsoho, me nake yi ba daidai ba?" Tsoho yake ce min, shekara uku na ba shi. Na ce masa ya je ya yi wanka.

Koci ya tare ni a ƙofa, ya yi ƙasa da murya, wai in mako mai zuwa ma haka ne, in shirya in karɓi wurina. Na faɗa wa Baba, ya buga bayan mota da tafin hannu har murhu ya yi ƙara. Mako ɗaya kawai. Abin da ake so in yi shi ne in rufe bakina, kuma na iya.

Talata, 17 ga Oktoba

Na faɗa masa.

Ba don kirki ba ne. A ɗakin cin abinci ya zauna kusa da ni yana cin soyayyar kaza yana lasar yatsu ɗaya bayan ɗaya, abin ya ishe ni. Na ce, "Nan ne wurin lasa, ba fili ba." Ya ce me. Na bayyana masa. Ya ajiye ƙashin, ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Tun yaushe ka sani?"

Na ce ya ci kazarsa.

Ya ce ba zai iya dainawa ba, tun yana ƙarami yake yi. Na ce wa ya ce ka daina, sakarai, ka lasa kowane karo, jifa ko gudu, sai su san ta yi. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Na koma ɗaki na kwanta da takalmi.

Asabar, 21 ga Oktoba

Mun ci. Ya yi ta lasa kamar akuya a bakin buhun gishiri, masu tsaronsu suka rasa gane gabansu. Sau huɗu ya kai mu ƙetaren layi, inda ake cin maki.

Koci ya ce wa ɗan jaridar kwaleji aikin da suka yi a kan ƙafafun yaron ne ya fara biya. Corwin ya waigo wajena zai buɗe baki, na girgiza masa kai. Ba na son Baba ya ji.

Baba bai kunna murhu ba. Ya ce sa'a ce kawai.

Asabar, 28 ga Oktoba

Mun ci.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Ƙungiya ta zama wata daban. Masu cafe ƙwallo da a lokacina suke gudu kamar an aike su, yanzu har ƙarin atisaye suke nema. An dawo da kiɗa ɗakin canja kaya. Tavita ya ce rabon da ya ji daɗin ƙwallo haka tun sakandare, sai ya tuna da wa yake magana, ya ce, "Ka gane dai abin da nake nufi." Na ce na gane.

Corwin ya fara biyo ni ɗakin bidiyo, yana zama a bayana da tambayoyi. Yana cinye min gyaɗa. Ban kore shi ba, korar ma aiki ce.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Mun ci. Baba bai zo ba, wai mota ta lalace.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Asabar wasan ƙarshe, da kwalejin tsallaken kogi, a kan tsohon bokitin kwal da ake ba wanda ya ci, wanda shekara huɗu ba mu taɓa shi ba. Kuma ranar sallamar masu fita ce. A al'ada ɗan shekarar ƙarshe ake sawa ya buɗe wasa. Koci ya ce bana ba zai iya ba, bokiti ne. In mun ba su rata mai yawa, zai sa ni a ƙarshe in jefa ko da ɗaya ce. Na ce to. Na lura kullum to nake ce masa.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Jiya an kira sunana kafin wasa, na tako fili tsakanin Baba da Mama, aka ba Mama fure. Baba ya sa rigar zuwa coci. Daga nan na koma gefe.

Ba a samu rata ba. Har dab da tashi suna gaba da mu da maki huɗu, ƙwallo a hannunmu, filin da ya rage da tsawo. Corwin ya ja da baya, suka taso masa, ya zame, ya jefa ta can lungun dama, namu ya cafe a ƙetaren layi. An tashi, mun ci. Yaranmu sun ɗauki bokitin suna zagaye da shi, Tavita yana kuka kamar yaro. Rigata ko ƙura ba ta taɓa ba. Shi ke nan, na gama ƙwallo.

Wurin motoci Baba yana ɗaure murhu, bai dube ni ba. Ya ce, "Tun da aka fara kai nake kallo, ba su ba." Ya ja igiya ya ce, "Na ga tsallen da ka yi." Ban san ko faɗa ne ba. Ya rungume ni da hannu ɗaya, ya shiga mota.

Ni ban tuna wani tsalle ba. Yau dai na tashi murya ta dishe, ko gaisuwa ba ta fita. Sanyi ne, ina jin.