Yatsun Babaji a Cikin Buta

Zuwa ga ɗiyata Madina, Ƙofar Guga.

Bayan gaisuwa, ya innarki da ƙannenki? Ni nan Legas lafiya lau, sai dai injin buta ya haɗiye mani yatsu uku. Dama aji uku na tsaya, yanzu ƙirga ma a bakwai nake tsayawa.

Ranar da ƙungiyar masu masana'antun roba ta zo ba kamfaninmu kambun kare lafiyar ma'aikata, a sito aka kulle ni, ina jiyo tafi. Washegari aka sallame ni da kyautar buta.

Ki lallaɓa ki gaya wa innarki kafin in iso. In kun sayi buta, ku riƙe ta da ladabi, ƙila da ubanki a ciki.

Allah ya yi maki albarka.

Babanki, Babaji.