Wurin Rumbun Baba

Daren Laraba, Birnin Gwari

Na gaji, amma murna ta hana ni barci. Yau na shimfiɗa wa Baba zanen sabuwar unguwar da muke shirin ginawa: gidajen bulon ƙasa, shaguna, ɗakin koyon kwamfuta, wutar sola, ga itatuwan kaɗanya da muka ƙi sarewa. Tun da 'yan bindiga suka koro mu daga Kakangi bai sake maganar noma ba.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hadiza, to ina zan kafa rumbuna?"

Wallahi mun manta da rumbu! Gobe dole a sake zane, injiniya zai yi ta mita. Ya yi ta yi. Ni dai Babana ya fara tunanin girbi.